Goge Wutar "Cek Injin" Ba Gyara Ba Ne: Ina Tururin Fetur Ɗinka Yake Zuwa?

In kana hawa tsohuwar mota 'yar tokumbo wadda aka ƙera don kasuwar Amurka, mai yiwuwa ka san wannan labarin. Wutar cek injin ta kama a dashbod, ka kai wa mai kwamfuta, ya jona na'urarsa, lamba ta fito: P0455 ko P0442. Ya ce maka ba komai ba ne, ya danna ya goge, ka biya ka tafi. Bayan kwana uku ko mako guda wutar ta dawo. Wani ya ce ka canja murfin tanki, wani ya ce a cire gwangwanin gawayin gaba ɗaya, wai na ƙasar Turawa ne, ba ya aiki a nan. Waɗannan shawarwarin duk abu guda ke damunsu: ana ba da magani ba a nemo inda ciwon yake ba.

Bari mu fara da abin da lambar take nufi. Fetur yana tashi ya zama tururi ko motar tana ajiye, kuma zafin rana yana ƙara masa gudu. A farkon shekarun 1950 masanin kimiyyar sinadarai Arie Haagen-Smit na jami'ar Caltech ya nuna cewa hazon da ya addabi birnin Los Anjeles yana samuwa ne idan irin wannan tururi ya haɗu da iskar da ke fita daga salansa a ƙarƙashin hasken rana. Daga wajajen 1971 motocin Amurka suka fara zuwa da tsarin kama tururin, wanda ake kira EVAP. Tiyo yana ɗaukar tururi daga tanki zuwa wani gwangwani mai cike da gawayi na musamman, gawayin ya riƙe shi. Idan inji ya yi zafi, kwamfutar mota ta buɗe wani bawul, inji ya zuƙe tururin ya ƙone shi. Akwai bawul na biyu da ke barin iska mai tsafta ta shiga gwangwanin.

Daga 1996 aka wajabta tsarin OBD-II, kuma da shi mota ta fara gwada kanta. A motoci da yawa takan rufe bawul ɗin iska, ta zuƙe iskar tanki kaɗan, sannan ta auna ko iska na komawa ciki. In ta koma da yawa, ka ga P0455, wato babbar kafa. P0442 kafa ce da ta kai kusan milimita 1, P0456 kuma kusan rabin milimita. To ka lura: kwamfutar ta ce akwai kafa, amma ba ta ce ga inda take ba. Ba ta da ido. Mai kwamfutan da ya karanta lamba ya ce a sayo kaya kaza, canke ya yi, kuma da kuɗinka yake yin canken.

Gogewar ma yaudara ce. Motar ba ta yin wannan gwaji kullum, sai sharuɗɗa sun cika, galibi idan inji ya huce kuma man da ke tanki yana tsakanin kashi 15 zuwa 85 cikin ɗari. Shi ya sa wutar kan yi kwanaki a kashe, ka zaci an gyara. Gwajin ne bai zagayo ba tukuna.

A yi wa masu cewa "ba komai" adalci: ƙaramar kafa ba za ta tsayar da kai a hanya ba, kuma man da kake asara ba mai yawa ba ne. Murfin tanki ma sau da yawa shi ne mai laifin, don robarsa kan bushe ta tsattsage. Amma a tururin fetur akwai sinadarin benzin, wanda aka tabbatar yana jawo sankarar jini, ga shi mutane na ajiye mota a cikin gida kusa da janareto ko murhu. Abin da ya fi haɗari shi ne sabo. Wuta guda ce ke ba da rahoton matsaloli masu ɗimbin yawa. Idan ka saba ganinta a kunne, ko aka liƙe ta da baƙin salatif, ran da filogi ya fara tsallake wuta ko na'urar auna iskar salansa ta mutu, wa zai gaya maka?

Cire gwangwanin kuwa gyaran gangar Auzinawa ne. In aka bar tiyon a buɗe, tururi da ƙura sun samu ƙofa. In aka toshe shi, tanki ya daina numfashi, ka je gidan mai famfo yana ta katsewa. Kuma mu kanmu muna da hannu a lalacewarsa. Idan famfo ya katse da kansa, ka ce wa mai zuba mai ya ƙara, har a girgiza motar don ta cika taf, ruwan fetur ne ke iya gangarawa cikin gawayin da aka yi don tururi kawai.

Binciken gaskiya yana da tsari, kuma daga mai araha ake farawa. A duba robar murfi da bakin tankin, don motocin da suka fito daga jihohin da ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara sukan zo da tsatsa a wurin. A bi tiyoyi da hannu a nemi wanda ya bushe ko ya zame. A cire bawul ɗin da ke kai tururi inji a gwada: idan babu lantarki a jikinsa, bai kamata iska ta wuce ba. In motarka tana wahalar tashi da zarar ka sha mai, shi za a fara zargi. Bawul ɗin iska kuma ƙurar hunturu kan shaƙe shi. Idan har yanzu ba a gano ba, sai na'urar hayaƙi, wadda ke tura farin hayaƙi cikin tsarin da matsi kaɗan, kusan rabin psi, a haska tocila a ga inda yake fitowa. Kada ka yarda a hura da kwamfaresan mai faci, ƙarfinsa zai iya lalata na'urar auna matsin tanki ko ya ɓalle tiyo.

Gaskiya ne ba kowane gareji ke da na'urar hayaƙi ba. Amma duba murfi da tiyo da bawul ba ya buƙatar komai sai haƙuri. Don haka in an sake ce maka a canja wani abu, ka tambayi bakaniken cikin girmamawa: "Oga, me ka gwada, me ka gani?" Wanda ya san aikinsa zai nuna maka da yatsa. Bayan gyara kuma kada ka gamsu don wutar ta mutu. Ka yi kwanaki kana tuƙi da rabin tanki, ka koma a jona na'ura a ga ko gwajin EVAP ya kammala ba tare da lambar ta dawo ba.