3.4 Jigon Haɗin Kai da Rarrabuwa a Littafin La Peste

A wannan sashe za a duba yadda Albert Camus ya warware jigon haɗin kai a ƙagaggen labarinsa mai suna La Peste, wato Annoba, wanda aka buga a shekarar 1947. An gina labarin ne a Oran, wani birni na bakin teku a Aljeriya, lokacin da ƙasar take ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa. Bayan ɓeraye sun yi ta mutuwa a tituna, sai cuta ta ɓarke, hukuma ta rufe ƙofofin gari, ba shiga ba fita.

Marubucin ya nuna cewa wahala ce ta mai da mazauna birnin jama'a ɗaya. Misali, a wa'azinsa na farko, Fada Paneloux ya yi amfani da wakilin suna "ku", yana ɗora wa masu sauraro alhakin bala'in. Amma bayan ya ga mutuwar ƙaramin ɗan Alƙali Othon da idonsa, sai ya koma amfani da "mu" a wa'azi na biyu. Haka kuma Rambert, ɗan jaridar da ya zo daga Faransa, ya daɗe yana neman hanyar tserewa don yana ganin shi baƙo ne. Da hanyar ta samu, sai ya fasa, ya ci gaba da aiki tare da Likita Rieux da 'yan sa-kai da Tarrou ya kafa.

Sai dai wannan haɗin kai bai game kowa ba. A cikin labarin kansa, tsadar abinci ta gallabi talakawa alhali masu hali ba su rasa komai ba, Cottard kuwa fasa-ƙwauri ya shiga yana cin ribar annobar. Babban giɓin shi ne na Larabawa. Binciken halin rayuwarsu ne ya kawo Rambert Oran tun farko, amma daga nan sai labarin ya yi watsi da su: babu Balarabe ko ɗaya daga cikin taurarin. Manazarta irin su Conor Cruise O'Brien (1970) da Edward Said (1993) sun soki Camus a kan yadda yake shafe 'yan ƙasa a rubuce-rubucensa. Ke nan "mu" ɗin da littafin ya gina na Turawan birnin ne.

Dangane da kyakkyawan fata kuwa, marubucin ya yi tsimi. An buɗe ƙofofin gari a watan Fabrairu ana murna, amma Tarrou da matar Rieux sun riga sun rasu, kuma Rieux ya san ƙwayar cutar tana iya dawowa. A taƙaice, fatan da ke cikin littafin ya rataya ne ga aikin da mutane suka yi wa juna, kuma rauninsa shi ne waɗanda aka bari a waje.