Hoton nan na "gane maciji mai dafi" ba don macizanmu aka zana shi ba

Wataƙila an taɓa turo maka shi a WhatsApp: kawunan macizai biyu gefe da gefe. An ce mai dafi kansa kusurwa uku ne, ƙwayar idonsa a tsage kamar ta kyanwa, kuma yana da ɗan rami tsakanin ido da hanci. Marar dafi kuwa kansa a mulmule, ƙwayar ido a zagaye.

Mai zanen bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Dangi ɗaya ya siffanta, Viperidae, gidan su kasa da kububuwa. Faɗin kan nasu gaskiya ne, jakunkunan dafi ne suka cika bayan idanu. Fiƙoƙinsu dogaye ne, suna kwanciya a rufin baki sai an zo sara su miƙe. A Amurka yawancin macizai masu dafi 'yan gidan nan ne, shi ya sa hoton yake ɗan aiki a can.

To kawo shi gonakin Kaltungo ka gani. Ramin nan mai jin ɗumin jiki na 'yan'uwansu na Amurka da Asiya ne. Kasa ba ta da shi, kububuwa ma haka, alhali ita ce ta fi kowane maciji kashe manoma da makiyaya a arewacin Najeriya. Mesa tana da tsagaggen ido, ba ta da dafi ko kaɗan.

Babban laifin hoton shi ne ya manta da gida na biyu, Elapidae: kumurci, gamsheƙa da mamba. Fiƙoƙinsu gajeru ne, a kafe suke. Ƙwayar idonsu a zagaye take, kan kuma siriri in ba a fasa shi ba. Wato in ka bi hoton, gamsheƙa tana layin "marasa dafi". Subhanallahi! Kuma kama ba ta nuna dangi: a Ostireliya akwai macijin da ya yi kama da kasa ƙwarai, gajere mai kauri, amma ɗan gidan kumurci ne. Ballantana ma, wa zai tsuguna yana leƙa idon maciji da magariba?

Abin da ya kamata a yaɗa shi ne yadda dafin kowane gida yake aiki. Na kububuwa yana hana jini daskarewa. Mutum zai iya tashi garau, daga baya dasashi ya soma zubar da jini, ko jini ya ɓalle a cikin kai. Na kasa kumburi ne da ruɓewar nama. Na mamba da wasu gamsheƙa jijiyoyi yake kamawa, fatar ido ta sauko, numfashi ya gagara. Mai feshin dafi a ido kuma, duk da yana gidan Elapidae, nama ya fi ci.

Bambancin nan har cikin kwalbar magani yake. A wani asibitin karkara a Ghana, da aka koma allurar da aka haɗa da dafin macizan Indiya, mace-macen waɗanda aka sara sun tashi daga kusan kashi 2 zuwa kashi 12 cikin ɗari, kamar yadda aka wallafa a 2008. Indiya ma tana da kububuwarta, amma dafin ba ɗaya ba ne.

A asibiti ba siffar kai ake dogara da ita ba. Ana ɗiban jinin wanda aka sara a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a bar shi minti 20. In bai daskare ba, a yankinmu kububuwa ake fara zargi, a nemo allurar da aka yi da dafinta, irin su EchiTAb.