O.J.: Made in America, Fim ɗin da Ya Nuna Yadda Aka Sayi Afuwa da Araha

Minti 467 ne tsawonsa, wato kusan sa'o'i takwas, an raba shi kashi biyar. Ezra Edelman ne ya shirya shi wa tashar wasanni ta ESPN a 2016, a farkon 2017 kuma ya lashe kyautar Oscar ta finafinan da aka gina a kan abin da ya faru da gaske. Tsawon kaɗai ya isa ya kori mai kallo, balle a ce maka labarin wani ne da ya yi suna a ƙwallon ƙafar Amurka, wasan da ya fi kama da zari-ruga, wanda yawancinmu ba mu san dokokinsa ba. To, kada wannan ya hana kowa. A cikin finafinan da aka yi kan ɗan wasa mai dukan matarsa da kuma mutanen da suka rufa masa asiri, da wuya a samu wanda ya kamo ƙafar O.J.: Made in America.

Kashi na farko na ɗaukaka ne. O.J. Simpson ya taso a gidajen marasa galihu na San Francisco, ya shiga jami'ar USC da ke Los Angeles, ya ci kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i a 1968, sannan a 1973 ya kafa tarihi da ƙungiyar Buffalo Bills, inda ya yi gudun yadi 2,003 da ƙwallo a kaka ɗaya. A shekarun da su Muhammad Ali ke sa aikinsu cikin haɗari saboda 'yancin baƙar fata, shi ya janye jikinsa daga wannan fafutuka. Ladan da ya samu shi ne ƙaunar Turawan Amurka: kamfanin hayar motoci na Hertz ya sa shi a tallarsa yana tsere a filin jirgin sama, masu kuɗi suka buɗe masa ƙofofinsu. Gefe guda kuma Edelman yana saƙa wani zaren, na yadda 'yan sandan Los Angeles ke gasa wa baƙaƙen fata aya a hannu, tun daga tarzomar Watts ta 1965 har zuwa dukan da aka yi wa Rodney King a 1991 da wutar da ta tashi a 1992 bayan an sallami 'yan sandan da suka doke shi. Babu muryar mai ba da labari ko sau ɗaya. Tsofaffin hotuna ne da bakin waɗanda aka yi abin a gabansu.

Amma a ganina zuciyar fim ɗin tana kashi na biyu, a daren shiga sabuwar shekarar 1989. Kafin asuba aka kira 'yan sanda zuwa gidan Simpson a unguwar masu hali ta Brentwood. Matarsa Nicole ta fito a guje daga cikin shuke-shuken da ta ɓuya, kusan ba sutura a jikinta, leɓe a fashe, ido a kumbure, tana maimaita cewa zai kashe ta. Ta shaida wa ɗan sandan da ya zo, John Edwards, cewa sau takwas suna zuwa gidan ba su taɓa yi masa komai ba. Maigidan ya fito cikin rigar wanka yana faɗa, wai wannan maganar cikin gida ce. Aka ce ya shiga ya sa kaya a tafi ofis. Ya shiga, ya sa kayan, ya hau motarsa ƙirar Bentley ya fice ta wata ƙofar, ya bar su tsaye.

Abin da ya biyo baya shi ne abin kallon. Simpson bai musa tuhumar a kotu ba. Hukuncinsa: aikin al'umma na sa'o'i 120, shekara biyu ana sa masa ido, tarar da ba ta kai dala 1,000 ba, da ganin likitan da zai ba shi shawara, wanda ma aka yarda su riƙa yi ta waya. Hertz ba ta cire shi daga tallarta ba. Tashar NBC ta ba shi aikin sharhin wasanni. Kuma a nan ne na fi sara wa Edelman, domin ya zaƙulo hirar da Roy Firestone ya yi da Simpson a wannan shekarar, a ESPN ɗin da ta ɗauki nauyin fim ɗin, ya sa ta yadda take. Mai tambaya yana lallashi kamar shi ne mai laifin, wanda ake tambaya yana murmushi yana mai da abin ɗan saɓanin mata da miji. Duk wanda ke muhawara kan ko ya dace a sake ba ɗan wasa dama bayan ya daki matarsa, ya zauna ya kalli waɗannan 'yan mintuna. An ba wannan mutum damar, ba a nemi ya sauya komai ba, ba a kuma tambayi matar ko tana cikin aminci ba.

Sun rabu a 1992, amma bai rabu da ita ba. Fim ɗin ya sa mu saurari kiran neman agajin da ta yi a watan Oktoba na 1993, bayan ya ɓalle ƙofar gidanta. Abin da ya fi tsaya wa mutum a rai ba ihunsa da ake jiyowa daga nesa ba ne, gajiyar da ke cikin muryarta ce lokacin da aka tambaye ta wane ne mutumin, ta faɗi sunansa, ta ce ai sun san tarihinsa. Ta kuma ajiye hotunan fuskarta da raunuka, tare da wasiƙun ban haƙuri da ya rubuta mata, a akwatin ajiya na banki. Sai bayan daren 12 ga Yunin 1994, da aka tsinci gawarta da ta wani matashi, Ron Goldman, a ƙofar gidanta, aka buɗe akwatin.

Shari'ar kisan, wadda aka tuhumi Simpson a cikinta, ta cinye kashi na uku da na huɗu, kuma an daɗe ana tattauna ta: farar motar Bronco da 'yan sanda suka yi ta bi ana nunawa kai tsaye a talabijin, safar hannun da ta ƙi shiga, faifan da ya tona ƙiyayyar ɗan sanda Mark Fuhrman ga baƙaƙen fata. Masu taya alƙali yanke hukunci sun wanke Simpson ranar 3 ga Oktoban 1995, bayan zaman da bai kai sa'a huɗu ba. Abin da fim ɗin ya ƙara shi ne gaskiyar da mutane ke faɗa bayan shekara ashirin. Ɗaya daga cikin lauyoyinsa, Carl Douglas, yana dariya yana bayyana yadda suka sauya hotunan bangon gidan Simpson da na baƙaƙen fata kafin a kai masu hukuncin ziyara. Ɗaya daga cikin masu hukuncin, Carrie Bess, ta amsa cewa ramuwar Rodney King ce, ta kuma ce ba ta ganin mutuncin macen da ta zauna ana dukanta. Mace ce ta faɗi haka. Edelman bai yi mata raddi ba, bai kuma sa kiɗan tausayi ba, ya bar maganar ta yi aikinta.

Daga nan sai kuɗi. A 1997 wata kotun, wadda ke sauraron ƙarar diyya, ta ɗora masa alhakin mutuwar, ta ce ya biya iyalan mamatan dala miliyan 33.5. A takarda ke nan. An yi gwanjon kofinsa na Heisman, amma doka ta hana a taɓa fanshonsa na wasa, ya kuma koma jihar Florida inda ba a ƙwace wa mai bashi gidan da yake zaune. Tsohon wakilinsa Mike Gilbert ya faɗa da bakinsa yadda aka riƙa kwashe kaya ana ɓoyewa. Mahaifin Ron, Fred Goldman, ya shafe shekaru yana bin bashin, har kotu ta miƙa wa iyalinsa haƙƙin mallakar littafin Simpson mai suna If I Did It, amma abin da ya shigo hannunsu ɗan ƙalilan ne. Mai kallo zai fito da fahimtar cewa diyya a irin wannan lamari ta fi sauƙin rubutawa a kan karɓa, idan wanda ake bi yana da lauyoyi.

Kashi na biyar ya ɗan yi sanyi. Rayuwar sharholiya a Miami da fashin da ya jagoranta a wani ɗakin otal na Las Vegas a 2007, don ƙwato kayan tarihinsa, an ja su fiye da kima, ko da yake hujjar Douglas cewa ɗaurin shekara 33 da aka yi masa a 2008 biyan tsohon bashi ne ta cancanci a ji ta. Babban ƙorafina dai a kan Nicole ne. An ba birnin Los Angeles sa'o'i, an ba lauyoyi sa'o'i, ita kuwa mun san ta ne kawai a matsayin yarinya 'yar shekara 18 mai hidima a gidan rawa da ta haɗu da tauraro a 1977, sai kuma murya a waya da gawa a hoto. Ƙanwarta Tanya da ƙawayenta sun yi magana, amma bai wadatar ba. Ron Goldman ma haka.

Fim ɗin bai leƙa sauran 'yan wasa masu irin wannan laifi ba, alhali ya fito ne ana tsakiyar cece-kucen Ray Rice, wanda hukumar ƙwallon ƙafar Amurka ta NFL ta dakatar wasa biyu kacal a 2014 sai da bidiyon naushin da ya yi wa budurwarsa a cikin lif ya fita, da na Greg Hardy, wanda aka janye ƙararsa a 2015 bayan mai ƙarar ta daina zuwa kotu, masu gabatar da ƙara suka ce an sasanta da kuɗi, ƙungiyar Dallas Cowboys kuma ta ɗauke shi. Ban ga laifin Edelman a nan ba, domin wanda ya kalli 1989 da kyau zai gane sauran da kansa.

An saki Simpson a 2017, ya mutu a Afrilun 2024 yana da shekara 76, mafi yawan bashin yana kansa. Fim ɗin ya cancanci kyautar da ya ci. A nemi lokaci a kalle shi, kashi ɗaya kowane dare, amma a kawar da yara kafin a kunna na huɗu, domin an nuna hotunan gawarwakin ba tare da an rufe komai ba.