Baƙar akuya da rana tsaka

Dillalin ƙwarai ba ya sayen dabba da ido kaɗai. Sai ya dafa gadon bayanta, ya matsa gindin wutsiya, ya buɗe baki ya duba haƙora. Amma yanzu, musamman gab da babbar salla, a salula ake fara ciniki da yawa. Mai dabba a Gidan Sori, cikin yankin Gidan Rumji, zai ɗauki hoto ya tura Maradi ko Jibiya ta WhatsApp, daga can a taya. Farin rago ba ya ba da wahala. Baƙar akuya ko akawalin doki kuwa, in aka ɗauke su da rana tsaka a kan rairayi, sai su fito dunƙule guda, ba haƙarƙari, ba cinya, ido ma sai an lalubo.

Kyamara tana auna hasken wuri gaba ɗaya ne, ta nemi matsakaici. Rairayi da sararin sama su rinjaye ta, ta rage haske, dabbar ta nutse. Matsalar ta daɗe. Shekara da shekaru kamfanin Kodak na daidaita launin hotunansa da fatar Baturiya, har sai da masu cakulan da masu kayan katako suka koka cewa hajarsu mai duhun launi ba ta fita.

Ɗanyen hoto, wato RAW, ya kawo sauƙi. Hoton JPEG yana riƙe matakan haske 256 a kowane launi, ɗanye kuwa 4,096 ko 16,384, don haka abin da ya ɓuya a duhu yana nan, ana iya tono shi. Android ta buɗe wannan ƙofa a 2014, kodayake ba kowace salula ke yi ba, kuma manhajojin Snapseed da Lightroom suna gyara irin waɗannan hotuna. Mai gyaran da ya san hannunsa yakan fara kwantar da ƙyallin rairayi, sannan ya ware jikin dabbar ita kaɗai, ya riƙa ɗaga duhun sannu a hankali har sheƙin gashi ya bayyana a kafaɗa da kwiɓi, ɗigon haske ya dawo cikin ido. Nan ya kamata ya cire hannu.

Yawanci ba sa cirewa. Sai gashi ya koma ruwan toka, ya cika da ɗige-ɗige kamar an watsa dusa. Mafi muni, jan rairayi yana mayar da haskensa a kan cikin dabba da ƙafafunta, idan aka ɗaga duhu aka bar launin da ɗumi, baƙar akuya sai ta soma ja. A wani wuri wannan kuskuren ado ne kawai. A ƙasar Maradi, inda jar akuya ta yi suna saboda fatarta da yawan haihuwarta, har aka buɗe mata cibiyar kiwo a 1963, launi yana cikin farashi. A ganina wanda ya bar jan nan da gangan ya yi algus, ko da bai taɓa dabbar ba.

Rabin wannan wahala ma ana kauce mata tun wajen ɗauka. A fito da dabbar da sassafe ko bayan la'asar, ko a tsayar da ita a inuwar katanga, don inuwar gawo rodi-rodi take zubawa a jiki. WhatsApp kuma yana matse hoto, wuraren duhu ne ke fara lalacewa, sai dai a tura shi a matsayin fayil.