Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Nazari Kan Wasu Littattafan Hamada

Gabatarwa

Tun kafin zuwan Turawa, ayarin Azbinawa ke sauka a Kano da Katsina da gishirin Bilma da dabino, su koma da gero da turkuɗi. Saboda haka Hausawa ba baƙin hamada ba ne. Duk da haka, mafi yawan littattafan da suka yi bayanin namun dajinta da tsirranta da duwatsunta da gine-ginenta, baƙi ne suka rubuta su cikin Ingilishi ko Faransanci ko Jamusanci. A wannan muƙala zan auna wasu daga cikinsu da ma'auni guda, wato gwargwadon yadda marubucin ya saurari mutanen wurin. Abin da na fahimta shi ne, littafin da ya saurari ɗan gari shi ne yake da amfani har yau.

Namun Daji

A 1920 wani Bature ɗan Sikotland, Kyaftin Angus Buchanan, ya tashi daga Kano ya bi ta Damagaram da Damargu har Agadas da duwatsun Azbin, yana tara fatun dabbobi da tsuntsaye domin gidan adana kayan tarihi na Lord Rothschild a Ingila. Ya ba da labarin a cikin Out of the World North of Nigeria, wanda ya fito a 1921. Daga 1922 zuwa 1923 ya sake tashi daga Kano bisa raƙumi, ya bi ayarin gishiri zuwa Fachi da Bilma, sannan ya ƙetare har Aljeriya. Labarin wannan tafiya ce ya fito a 1926 da sunan Sahara, kuma ya sadaukar da littafin ga raƙuminsa mai suna Farin Gashi.

Buchanan yana da ido, kuma alƙalaminsa yana da daɗi. Darajar littattafansa ta ƙaru a yau domin sun zama shaida kan abin da ya gushe. Jiminar da ya sha wahalar farauta a Damargu ta ƙare a dajin, sai a killace ake kiwonta a Kelle. Mariri kuwa, a shekarar 2000 aka bayyana cewa ya ƙare a daji baki ɗaya, sai a 2016 aka fara mayar da shi dajin Chadi daga waɗanda aka kiwata a ƙasashen waje.

Amma akwai inda dole mai karatu ya yi hattara. Sunan littafin farko ma ya nuna Azbin tamkar wani wuri ne da ke bayan duniya, alhali hanyar fatauci ce mai ɗaruruwan shekaru. Haka kuma ya isa can shekara uku kacal bayan yaƙin Kawusan na 1916 zuwa 1917, lokacin da Faransawa suka tashi ƙauyukan Azbin suka tattaro jama'a kusa da Agadas. Kufai da shirun da ya tarar, da yawansu aikin yaƙi ne. Wanda ya karanta ba tare da sanin wannan tarihi ba zai ɗauka haka ƙasar take tun fil azal. Ƙari a kan haka, maharba da jagorori ne suka kai shi inda naman yake, amma da aka zo raɗa wa wasu halittun sunan kimiyya, sunansa aka laƙaba musu.

Tsirrai

A nan ne ma'aunin nawa ya fi fitowa fili. Dakta J. M. Dalziel likita ne da ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, kuma a 1916 ya fitar da A Hausa Botanical Vocabulary. Hikimar littafin tana cikin tsarinsa: sunan Hausa ne a gaba, sunan kimiyya na biye, sannan amfanin da mutane ke yi da tsiron. Wannan ya nuna mutumin ya zauna da manoma da makiyaya da 'yan magori, ya ɗauke su malamansa. Daga baya, a 1937, ya faɗaɗa aikin cikin The Useful Plants of West Tropical Africa, wanda H. M. Burkill ya sake bita a mujalladai da dama tun daga 1985.

Duba itatuwan bakin hamada da irin wannan aiki ya taskace. Aduwa, ana shan 'ya'yanta, ana tatsar mai daga ƙwallonta. Bagaruwa ita ce jarin majema. Goruba na ba da kaba domin tabarma da igiya. Gawo yana zubar da ganye da damina ya fitar da rani, don haka ba ya hana hatsi rana, kuma dabbobi na samun abinci lokacin da ciyawa ta ƙare. Sai kuma abincin yunwa, irin su anza, wadda sai an jiƙa 'ya'yanta kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacin ya fita, da ƙarangiya da ake sussukewa a ci ƙwayarta. Mu tuna littafin ya fito ne shekara biyu bayan yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, lokacin da wannan ilimi ya ceci rayuka.

Aibinsa kaɗan ne. Ya yi rubutu kafin a daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa, don haka wasu sunayen sai an yi lalube kafin a gane su. Sannan tsiro ɗaya kan sauya suna daga Sakkwato zuwa Kano zuwa Damagaram, abin da mutum ɗaya ba zai iya tattarawa duka ba.

Duwatsu da Ƙasa

Wannan fanni ne ya fi ƙarancin muryar ɗan gari. The Geology and Geography of Northern Nigeria na J. D. Falconer, wanda ya fito a 1911, ya samo asali ne daga binciken ma'adinai da gwamnatin mulkin mallaka ta sa aka yi. Tambayar da ke gabansu ita ce me za a haƙa a fitar, kamar kuzar Jos, kamar kuma yadda Faransawa suka bi yuraniyom har aka fara haƙarsa a Arlit a 1971. Ilimin mahaƙa rijiya, waɗanda ke duban ƙasa da itace su san zurfin ruwa, bai sami gurbi ba. Wanda ya rage wannan giɓi masanin tarihi ne, Paul Lovejoy, a cikin Salt of the Desert Sun na 1986, inda ya bi diddigin kantun Bilma da mangul da kanwar Barno, da masu haƙo su da masu fataucinsu. Ya kamata kuma ɗalibanmu su san maƙalar A. T. Grove ta 1958, wadda ta nuna cewa jigayin arewacin ƙasar Hausa tsofaffin tuddan rairayi ne daga zamanin da hamada ta taɓa kawowa nan ta janye.

Gine-gine

Heinrich Barth ya shiga Agadas a watan Oktoba na 1850, ya bar mana bayanin hasumiyar masallacinta a cikin littafin tafiyarsa mai mujalladi biyar. Hasumiyar ta ƙasa ce, tsawonta kimanin mita 27, an fara gina ta a ƙarni na 16, aka sabunta ta a 1844, kuma a 2013 UNESCO ta sanya tsohon birnin cikin kayan tarihin duniya. Barth yana jin Hausa, shi ya sa bayaninsa ya fi na takwarorinsa gamsarwa.

Amma gwanin wannan fage shi ne Z. R. Dmochowski, ɗan ƙasar Folan, wanda aka buga An Introduction to Nigerian Traditional Architecture nasa a 1990 bayan rasuwarsa. Shi awo ya yi, ɗaki bayan ɗaki, har ya nuna yadda ake jera tubali, a ɗaura azara, a tayar da bakan gizo. Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, an yi masa sabon gini a shekarun 1970, aka rasa sashe na tsohon, sai zane-zane irin nasa suka zama hujja. Abin da zane ba ya iya ɗauka shi ne tunanin maginin, kuma wannan ne Hamman Tukur Sa'ad ya bibiya a kundin digirinsa na uku na 1981, ta hanyar zama da magina.

Kammalawa

Idan aka jera waɗannan littattafai, Dalziel da Dmochowski ne a gaba, domin sun riƙe suna da awo yadda masu abin suka ba su. Damuwata ita ce babu ko ɗaya daga cikinsu da ɗan maharbi ko ɗan magini zai iya karantawa da harshensa, ga shi dattawan da za su gyara kurakuran suna ta ƙarewa. Shawarata ga wannan Hukuma ita ce ta fara da ƙaramin littafin Dalziel: a mayar da bayaninsa Hausa, a kai shi ƙauyukan kan iyaka a karanta wa tsofaffi, a rubuta gyaransu tare da sunayensu da garuruwansu. Aiki ne da bai fi ƙarfin jiha ɗaya ba. Allah Ya sa mu dace.