Tech ta Kumasi: injiniyoyi kaɗai take ƙerawa?

A shirina na daren Laraba wani dattijo ya bugo waya daga Aboabo. Ya ce jami'ar KNUST, wadda muke kira Tech, lissafi da siminti kawai ta sani, mai son zurfin tunani sai ya tafi Legon. Ɗansa ne ya samu gurbi, shi ya sa abin ya dame shi.

Baba yana da hujja. Kwalejin koyon fasaha ce aka buɗe a 1952, sai 1961 ta zama jami'a. Kuma duk inda ɗalibai suka cika aji maƙil, karatu kan koma hadda: a zuba a jarrabawa, a manta.

Amma ban yarda da shi duka ba. Daga sashen zane da sassaƙa na Tech Ibrahim Mahama ya fito, mai lulluɓe gine-gine da tsofaffin buhunan koko da gawayi, aikin da ya kai shi Venice a 2015. Buhunan nan tambaya suke yi: wa ya yi dakon, wa ya ci ribar? In wannan ba tunani ba ne, mene ne?

Abin da ke damuna shi ne, ɗalibin injiniya na iya yin shekara huɗu bai taɓa leƙa sashen ba. Na ce wa Baba ya bar yaron ya tafi, amma ranar da ya kai shi, su fara ta can.