Ofis Bishiya Yake Buƙata, Ba Furen Roba Ba

Shigar da tsirrai da iska da hasken rana cikin tsarin ofis yayi ne da ya bazu a duniya, kuma yana da hujja. A 1984 Roger Ulrich ya gano cewa a wani asibitin Amurka, majinyatan da tagarsu ke kallon bishiyoyi sun riga masu kallon bango samun sallama. A 2014 wani binciken da Jami'ar Exeter ta shiga ciki ya nuna cewa sanya tsirrai a ofis ya ƙara yawan aikin ma'aikata da kashi 15 cikin ɗari.

Yayin ya iso karkarar arewacin Kano, amma an kama shi a baibai. A sababbin gine-gine da yawa ana sare bishiyoyin haraba, a malale ƙasa da siminti, a rufa kwano, a liƙa gilashi, sannan a ɗora furen roba a kan teburin shugaba. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40. Da zarar an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, sai ma'aikata su watse neman inuwa, masu jiran sa hannu su yini a rana.

Alhali maganin yana gonakin Bichi da Ɗambatta da Minjibir. Michael Mortimore, wanda ya nazarci karkarar Kano tun shekarun 1960, ya nuna cewa cunkoson jama'a bai hana manoma tattalin bishiyoyi a gonakinsu ba. Sun san gawo na zubar da ganye da damina ya tofo da rani, lokacin da ake neman inuwa. Sun san darbejiya na jure fari kuma tana saurin girma, tsamiya kuma ta daɗe tana ba da sanyi. Maginan gargajiya su ma sun bar darasi: katangar tubali mai kauri da rufin azara, irin na Gidan Makama, suna tare zafi ba tare da janareta ba.

Abin da ya dace da sakatariya ko makaranta ko asibitin karkara shi ne a dasa bishiyoyi gabas da yamma da ginin, a fitar da tagogi masu fuskantar juna, a yi wa masu jira rumfa. Kuɗin dashe da ban ruwa da shingen kare bishiyoyin daga awaki su shiga cikin kwangila tun farko. Ginin ofis da aka miƙa babu inuwa bai kammalu ba, kuma bai kamata a biya cikon kuɗinsa ba.